Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Legas da Majalisar Dokokin Jiha: A Daina Yanke Mana Hukunci Ba Ma Wurin

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Legas, Babajide Sanwo-Olu, da Kakakin Majalisar Dokokin Jiha, da sauran 'yan majalisa.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah ya yi maka jagora kan nauyin da ke wuyanka, ina miƙa irin wannan gaisuwa ga Kakakin Majalisa da dukkan 'yan majalisar da ke zama a Alausa.

Ni haifaffen Agege ne. A nan aka binne cibiyata, a nan aka binne ta mahaifina. Kakana ne ya zo daga ƙasar Kano fataucin goro, ya ga wurin zama ya zauna, kabarinsa ma yana nan. Malamin makaranta ne ni, amma da yake ina jin Hausa da Yarabanci da Turanci, na daɗe da zama marubucin unguwa. Wanda aka kama wa babur, wanda aka rushe wa rumfa, matar da aka tafi da mijinta ba ta san inda aka kai shi ba, ni suke kawo wa kukansu in rubuta musu takarda. Da yawunsu nake magana: 'yan gwari na Mile 12, masu raguna na Alaba Rago, mahauta da dillalan shanu na Abbatuwa a Oko-Oba, 'yan acaɓa, 'yan dako, 'yan ga-ruwa, masu gadi, masu shayi, 'yan bola jari, da 'ya'yansu da aka haifa a nan ba su san wani gari ba. Da gangan na rubuta da Hausa, domin in an karanta musu su ji abin da aka faɗa da sunansu, su ƙaryata ni in na yi ƙari. Na san ba za a rasa mai fassara a gidan gwamnati ba. Lokacin kamfe dai ba a taɓa rasawa ba.

Rusau ɗin Alaba Rago ne ya sa na ɗauki alƙalami. A watan Mayun 2022 aka ba mutanen kasuwar wa'adin kwana 14 su tashi, aka ce wurin ya zama maɓoyar ɓata-gari. Aka yi ta kai-kawo, magana ta lafa kamar an bar ta, daga baya motocin rusau suka shiga. Shugabannin kasuwar sun fito a kafafen yaɗa labarai suna kukan an rushe musu rumfuna da masallatai ba a nuna musu inda za su koma ba. Ba zan ce babu ɓata-gari a wurin ba, domin wanda ya san Alaba Rago ya san akwai lungunan da mai mutunci ba ya bi bayan magariba. Amma gwamnati tana da 'yan sanda, tana da kotu, tana da gidan yari, kuma don irin waɗannan mutane aka tanade su. Dattijon da ya shekara talatin yana sayar da rago a wurin, wanda rabin layyar unguwannin Ojo daga hannunsa take fitowa, me ya haɗa shi da mai sayar da ƙwaya in ban da maƙwabtaka? Shi ɓata-garin ya ɗauki 'yar jakarsa ya sauya lungu tun kafin ƙura ta lafa. Dattijon ne ya zauna kan tarkacen kwano yana lissafin bashin da ake binsa a kasuwannin Arewa.

Kukanmu ɗaya ne, ranka ya daɗe, ko da ya zo da fuskoki da yawa. Ana yanke hukunci kan abincinmu da wurin kwananmu a ɗakin da babu namu ko ɗaya, sai dai mu ji a rediyo ko mu ga mota a ƙofa.

Kafin wani ya ce baƙi ne suke ƙorafi a gidan mutane, bari in tuna da abin da ke rubuce. Rundunar sojan Najeriya da kanta tana danganta asalinta da 1863, lokacin da Bature Glover ya tara Hausawa ya kafa 'yar rundunarsa a nan Legas. Layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, goron Agege ya riƙa hawa Arewa, shanu suna gangarowa, Zangon Agege ya cika ya batse. Idi-Araba, Obalende, Ebute Metta, duk akwai gidajen da aka haifi kaka da jika a cikinsu. Ba mu musun cewa Legas tana da masu ita, Awori da Egun da Ijebu da mutanen Isale Eko, muna girmama sarakunansu, kuma ba sarautar kowa muke nema ba. Abin da muke nema shi ne wanda kundin tsarin mulkin 1999 ya riga ya ba mu. Sashe na 41 ya ce ɗan Najeriya yana da 'yancin zuwa ko'ina ya zauna. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko wurin asali ko addini. Sashe na 15 ya ɗora wa hukuma nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a kowane ɓangare na tarayya. Kan wannan kundi kuka yi rantsuwa.

Bari in tsaya kan maganar acaɓa, domin ita ta fi cin mutanenmu. Tun dokar hanya ta 2012, zamanin Fashola, aka hana babura bin tituna 475. Ranar 1 ga Fabrairun 2020 gwamnatinka ta hana acaɓa da keke a ƙananan hukumomi shida. Ranar 1 ga Yunin 2022 aka sake tsaurara haramcin acaɓa a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, bayan kisan gillar da aka yi wa wani matashi mai aikin sauti a Lekki. A watan Satumba aka ƙara Kosofe, Mushin, Shomolu da Oshodi-Isolo. Wancan kisa ta'asa ce, babu mai imanin da zai kare shi, kuma duk mai hannu a ciki ya cancanci hukunci mafi tsanani. Haka nan ba ƙarya ba ne cewa akwai 'yan acaɓa masu tuƙin ganganci, masu bin hannun da ba nasu ba, masu taruwa su far wa direba in an yi hatsari. Mu ma 'ya'yanmu suna tsallaka titi, mu ma mun yi jinyar karaya.

Sai dai ku dubi yadda abin ya sauka a ƙasa. Kamfanonin babura masu manhaja a waya su ma haramcin 2020 ya shafe su, amma suna da lauyoyi da jari, Gokada ma ya juya ya koma kai saƙo. Yaron da ya baro Zamfara ko Katsina saboda 'yan bindiga sun hana noma, shi ina zai juya? Akwai wani da ya zo wurina, ba zai wuce shekara ashirin da biyu ba. Babur ɗin da yake ja na wani ne, an ba shi kan yarjejeniyar ya riƙa kawo balas kullum har kuɗin su cika ya zama nasa, kuma ya kusa rabi. Wasu masu kaki suka tare shi a wata unguwa da ba ta cikin jerin wuraren da aka hana, suka jefa babur ɗin a mota. Ba takarda, ba rasit, ba sunan ofishin da zai bi. Ya zo da makullin a hannu da 'yar takardar da yake rubuta balas ɗinsa, ta yi laushi saboda gumi, ya ce, "Malam, rubuta musu su duba, wallahi ba a kan babban titi nake ba." Na tambaye shi wa zan rubuta wa, ya yi shiru. Mai babur bai yafe ba, kuma shi ma yana da gaskiyarsa. Yau yaron nan dako yake yi, yana biyan bashin abin da ba ya hannunsa.

Hukuma tana kiran 'yan jarida su ɗauki hoton yadda ake murƙushe baburan da aka kama, ɗaruruwa a lokaci guda. Ga mai kallo a talabijin, alama ce ta gwamnati mai aiki. Ga mu, kowane ɗaya a cikin tarin nan gonar wani ce da aka jinginar, ko saniyar da uwa ta sayar. Wane alƙali ne ya saurari mai babur kafin a niƙa dukiyarsa? An kawo ƙananan motocin bas don su maye gurbin acaɓa a cikin unguwanni, abu ne mai kyau, amma a faɗa mana 'yan acaɓa nawa aka koya wa tuƙi aka ba su. Kuma abin da kowa ya sani ba a faɗa shi ne acaɓa ba ta mutu ba. Tana nan, kuɗin cin hanci ne kawai ya ƙaru, ga tikitin 'yan tasha da ake yanka wa yaro kowace safiya kan sana'ar da aka ce haramun ce.

Irin wannan ya faru da masu tura kura da baro da aka haramta wa kwasar shara a 2018. A unguwannin da motar shara ba ta iya shiga, har gobe su matan gida suke kira, amma a idon doka masu laifi ne, kowa ya ga dama ya tare su ya karɓi na goro.

Sai zargi na jimla. A ƙarshen watan Agustan 2019 jami'an jiha suka tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48, aka tsare su, aka baza hotunansu a intanet kamar an kama mayaƙa. Da aka bincika ba a same su da komai ba, aka sake su. Laifinsu shi ne talauci ya sa sun hau motar kaya maimakon jirgi. Ba mu kaɗai ba ne. A 2013 an kwashi wasu 'yan ƙabilar Ibo an sauke su a Onitsha da tsakar dare, har Gwamna Fashola ya fito daga baya ya ba da haƙuri. Na yaba masa, domin ba kowane mai mulki ke iya wannan ba. Mutanen Jigawa dai sun koma neman abincinsu da tabon a jikinsu.

Wannan zargi ba a baki yake tsayawa ba, mun san inda yake kaiwa. Mun ga Ketu a 1999, mun ga Idi-Araba a Fabrairun 2002, mun ga Mile 12 a Maris ɗin 2016. Kowanne daga ƙaramar rigima ya faro, tsakanin mutum biyu ko kan shugabancin kasuwa, kafin a ankara an mayar da shi na ƙabila, an yi asarar rayuka ta kowane ɓangare. A 2016 gwamnatin Ambode ta rufe kasuwar Mile 12, kayan gwari suka ruɓe a kan tireloli, aka kuma taso da maganar mayar da kasuwar zuwa garin Imota. Har yau ɗan kasuwar Mile 12 bai san ko zai gyara rumfarsa ko kuwa ya jira takardar tashi ba. Ina roƙon duk ɗan majalisar da bai taɓa zuwa ba ya je da asuba ya gani da idonsa: tireloli jere daga Kano da Sakkwato da Filato, direbobin da suka kwana biyu a hanya suna alwala da ruwan leda a gefen taya, 'yan dako da gammo a ka suna gudu da kwandon tumatir cikin taɓo, matan Yarabawa 'yan sari suna ciniki da Hausa, dillalai suna amsa musu da Yarabanci. Kafin kwando ɗaya ya fita ƙofa an yanka masa tikiti iri-iri. Ba a taɓa tambayar mai biyan tikiti takardar asalinsa ba.

Wasu daga cikinmu suna alfahari da abin da ya faru a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da dillalan abinci da shanu suka tsayar da kai kaya Kudu bayan rikicin Shasha a Ibadan. Ni ba na cikinsu. Tumatir ya yi tsada a Legas, gaskiya ne, amma a Arewa manomi ne ya zubar da nasa a bakin hanya. Wanda ya kai ga rufe hanyar abinci don a saurare shi, alama ce ba shi da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ƙofar muke so a buɗe.

Akwai kuma abin da ke faruwa bayan kame. Ana yin samame da dare a kwashi duk wanda aka gani kwance a gaban shago ko ƙarƙashin gada, har da mai gadin da aikinsa ne ya kwana a wurin. Washegari a gurfanar da su gaban kotun tafi-da-gidanka. Sashe na 36 ya ce a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Na taɓa raka wata mata neman mijinta, mai gyaran takalmi, muka same shi an riga an yanke masa tara, ya kasa biya, an wuce da shi gidan yari. Na tambaye shi me ya sa ya amsa laifi. Ya ce shi bai amsa komai ba, ya ga na gabansa ya gyaɗa kai an ce ya koma gefe, shi ma ya gyaɗa. Legas ce ta kafa ofishin lauyoyin da ke kare talaka kyauta tun shekarar 2000, abin alfahari ne gare ta. Amma talakan da ba ya jin Turanci ko Yarabanci, bai ma san da ofishin ba.

Maganar takardar asali kuwa ta 'ya'yanmu ce, shi ya sa take da ciwo. 'Yar maƙwabcina ta gama sakandare da sakamako mai kyau. A Agege aka haife ta, a Agege aka haifi ubanta, Yarabancinta ya fi Hausarta daɗi. Ta je wani ofishi neman takardar shaidar ƙaramar hukuma, aka dubi sunanta aka ce ta tafi garinsu. Ubanta ya ci bashi ya kai ta ƙauyen kakansa a Arewa, dagaci ya tara dattawa, aka rasa wanda ya tuna gidansu sai wata tsohuwa guda. Nan ma sai da aka yi roƙo. Ga yarinya mai jiha biyu a baki, ba ta da ko ɗaya a takarda. Ba tare da wannan takarda ba, babu tallafin karatu, babu aikin gwamnatin tarayya, babu shiga soja ko ɗan sanda. Na tuna hayaniyar da aka yi kan waɗanda suka zo daga wasu jihohi suka yi ƙaryar su 'yan Legas ne don su cinye gurbin jihar a ɗaukar sojoji. Masu ƙarya a hukunta su. Amma yaron da bai taɓa kwana a wata jiha ba, kada a zuba shi a buhu ɗaya da su. Na san wannan cuta ce ta ƙasa baki ɗaya, kuma Bayarabe ko Ibon da aka haifa a Sabon Garin Kano yana shan irin wannan ɗacin. Abin da nake faɗa a nan zan faɗa wa gwamnan Kano ba tare da na rage ko harafi ba. Legas dai ta saba shiga gaba wasu su biyo, kuma tana da abin farawa a hannu, tunda ta kafa hukumar rajistar mazauna, LASRRA, tun 2011.

Yanzu sai siyasa, wadda ita ce uwar duk abin da na lissafa. Majalisar Dokoki tana da kujeru 40. Jihar tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, da kujerun kansila 376. Ku ɗauko jerin sunayen ku nuna mana namu, mu gani ko ya yi daidai da yawanmu a Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Ojo da Apapa. Sashe na 14 bai tsaya kan gwamnatin tarayya ba, ya ce gwamnatin jiha da ta ƙaramar hukuma su ma a tsara su yadda za su nuna bambancin mutanen da ke ƙarƙashinsu. Ba mu manta ba cewa a wa'adinka na farko ka naɗa Kabiru Ahmed Abdullahi kwamishina, mun gode. Tinubu da Fashola sun riƙe Ben Akabueze, ɗan ƙabilar Ibo, a ma'aikatar kasafi shekaru da dama. Mutanen Oshodi-Isolo sun zaɓi Jude Idimogu, shi ma Ibo, zuwa majalisar jiha a 2015. Tun kafin a haife mu, Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu a shekarun 1950, kuma sama ba ta faɗo ba. Wato abin mai yiwuwa ne. Sai dai muƙamin naɗi kyauta ce, mai bayarwa yana iya karɓewa, kuma wanda aka naɗa yana kallon fuskar wanda ya naɗa shi ne kafin ya kalli tamu. Kansilan da aka zaɓa a mazaɓa, wanda mai shayi zai iya tare shi a bakin masallaci ya ce masa ga abin da ke faruwa, shi ya fi mana amfani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da akwai ɗan Alaba Rago a teburin da aka tsara rusau, da ya nuna muku lungun da ya kamata a shiga da wanda ya kamata a bari.

Abin da muke gani shi ne, in zaɓe ya ƙarato sai a tuna da mu. A zo fadar Sarkin Hausawa da ayarin motoci, ɗan takara ya sa babbar riga da hula, ya ce "sannu" da "na gode", a yi tafi, a sauke buhunan shinkafa da atamfa. Bayan rantsuwa, mun zama tsani, an hau an jingine shi a bayan ɗaki. A nan dole in juyo kan namu, domin wasiƙar a buɗe take kuma za su ji. Iyayenmu sarakuna da shugabannin ƙungiyoyi, Allah ya ƙara muku girma, amma ku daina sayar da ƙuri'ar jama'a kan kujerar Makka da kuɗin mota. Wanda ya je ya yi mubaya'a da sunan dubban mutane, ya dawo mana da alkawari a rubuce, ba hoto ba. Mu kuma talakawa, mutum ya shekara ashirin a Legas, nan yake ci nan yake sha, amma katin zaɓensa na ƙauye ne, ranar zaɓe ya hau tirela ya tafi gida. To wanda zai rushe maka rumfa ba a ƙauyenku ake zaɓensa ba. Hukumar zaɓe tana ba da damar sauya wurin jefa ƙuri'a, kuma kyauta ne.

Lissafin ma a fili yake. A 2023 mutum sama da miliyan 7 ne suka yi rajista a Legas, amma a zaɓen shugaban ƙasa Peter Obi ya samu 582,454, Bola Tinubu ya samu 572,606. Tazarar ba ta kai 10,000 ba, ba ta kai yawan mutanen da ke shiga Mile 12 a yini guda ba. Kai kanka, ranka ya daɗe, da ƙuri'a 762,134 ka koma kujerarka. A garin da mafi yawan masu kati ba sa fita, jama'ar da ta fita tare tana da nauyi, kuma 'yan siyasa sun fi mu sanin haka. Shi ya sa abin da ya faru ranar 18 ga Maris 2023 ya tayar mana da hankali, lokacin da aka yi ta ba da rahoton 'yan daba suna korar masu zaɓe daga rumfuna saboda kamanninsu ko harshensu. A ranar Ibo aka fi nufa, wasu namu har suna murna don a ganinsu ɓangarensu ne ke cin riba. Wauta ce. Sandar da aka ɗaga don ƙabila ba ta da alƙibla, ranar da muka zaɓi wanda ba a so, kanmu za ta sauka. Haka kuma jawabin da Kakakin Majalisa ya yi a watan Yunin 2023, cewa za a yi dokokin kare 'yan asali a harkar filaye da kasuwanci, ya sa masu gida da shago a cikinmu kwana da ido biyu. Shi wakilin Agege ne, ya san mu, ya san ƙuri'unmu. Sashe na 43 ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar gida ko fili a ko'ina, muna so mu ji daga bakinsa cewa ba wannan ake shirin taɓawa ba.

Ba na so a ɗauka cewa Bahaushe kaɗai ake yi wa haka. Mutanen unguwar Maroko ta nan Legas da aka tasa a 1990, kimanin 300,000, ba Hausawa ba ne. Masuntan Otodo Gbame da aka kora tsakanin 2016 da 2017 yawancinsu Egun ne, 'yan asalin jihar nan, kuma babbar kotun jiha ta ce korar da aka yi musu ba tare da an tanadar musu wurin zama ba ta saɓa wa tsarin mulki. Talaka ne ba shi da kujera, ko wane yare yake yi. Namu ya ƙara nauyi ne kawai don an haɗa mana talauci da baƙunta.

Ga abin da muke roƙo, ranka ya daɗe.

A zauna da ainihin 'yan kasuwar Alaba Rago, ba masu zuwa da sunansu ba, a tantance waɗanda suka yi asara, a ba su wurin da za su ci gaba da sana'a, a biya diyya ga wanda yake da takardun biyan kuɗin hukuma. Majalisa kuma ta yi doka cewa ba za a sake rushe kasuwa ko unguwa ba sai an yi zaman jin ra'ayi a wurin, da harshen da mutanen wurin suke ji, an kuma nuna musu inda za su koma kafin mota ta iso. A faɗa wa mutanen Mile 12 matsayin kasuwarsu a rubuce.

Duk babur ko kurar da aka kama, a ba mai ita rasit mai ɗauke da sunan jami'i da ofishinsa, kuma kada a murƙushe komai sai alƙali ya saurari mai shi. A yankunan da ba a hana acaɓa ba, a yi wa masu ita rajista da lamba, a hana kowa karɓar kuɗi a hannunsu in ba na hukuma ba. A buɗe wa waɗanda aka raba da sana'ar hanyar koyon tuƙin bas da bashin da za su iya biya.

A sa tafintan Hausa a kotunan tafi-da-gidanka da ofishin lauyoyin talakawa, haka ma na Egun da Ibo. Matasanmu masu digiri suna zaune a Agege ba aiki, za su yi.

A ba wanda aka haifa a Legas, ko ya daɗe yana zaune yana biyan haraji, takardar zama da za ta ba shi damar neman tallafin karatu da aikin jiha, ko da kaso ne aka ware. Wakilan Legas a Majalisar Tarayya su goyi bayan gyaran tsarin mulkin da zai ba mazauni haƙƙi a duk jihar da yake, domin 'yan'uwansu da ke Kano da Kaduna da Jos su ma su amfana.

Jam'iyyarka ita ke riƙe da kusan kowace kujera a jihar nan, kai ne kuma jagoran gwamnatinta. A mazaɓun da muke da yawa, a bar 'ya'yanmu su sayi fom su shiga zaɓen fidda gwani na gaskiya, kada a kira su gefe a ce su janye wa ɗan gida. Hukumar zaɓen jiha da 'yan sanda su ba da tabbaci a bainar jama'a cewa duk wanda ya kori mai zaɓe daga layi saboda ƙabilarsa zai gurfana gaban kotu, ko ɗan wace jam'iyya ne.

Muna kuma gayyatarka, kai da Kakakin Majalisa, zuwa zama da mu a Agege ko Mile 12, a ranar da ba ta kamfe ba, ba tare da makaɗa da rabon kaya ba. Za mu kawo masu magana daga kowace sana'a, maza da mata, mu kuma kawo tafinta namu.

Allah ya ba ka lafiya, ya zaunar da Legas da Najeriya lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Wani malamin makaranta, haifaffen Agege,
a madadin maƙwabtansa da abokan zamansa.